Ruwa Ya Ci Gida, Ina Za a Kaɗa Ƙuri'a?

A cikin watan Afrilun 2006, manyan motocin safa sun riƙa tashi daga Houston ta jihar Texas tun da asuba, maƙare da mutanen da zaɓensu ke wani birni mai nisan fiye da kilomita 550. 'Yan New Orleans ne. Kusan wata takwas ke nan da mahaukaciyar guguwar Katrina ta fasa shingayen da ke tare wa birnin ruwa, ranar 29 ga Agustan 2005, har ruwa ya shanye kimanin kashi 80 cikin ɗari na garin. Wasunsu tun daga ranar ba su sake taka unguwarsu ba. Wasu sun je, sun tarar da kango da tarkace, sun juyo. Amma a kundin rajistar masu zaɓe na jihar Louisiana kowannensu yana nan a adireshinsa na da, lamba kaza, titi kaza, ko da kuwa gidan ya bi ruwa.

Kusan ko'ina a duniya dokar zaɓe tana ɗaure ƙuri'a da wurin zama. Zama ɗan ƙasa kawai bai isa ba, sai mutum ya zama ɗan wata mazaɓa, mai suna a wata rumfa. Hikimar a fili take: kansilan unguwa na mutanen unguwa ne, kuma in ba a san inda kowa yake ba, babu abin da zai hana ɗan siyasa ya kwaso jama'a daga wani gari su zaɓe shi. Sai dai duk wannan tsari an gina shi ne bisa zaton mutane na zaune inda suke. Ranar da ambaliya ko gobara ko girgizar ƙasa ta tarwatsa gari guda cikin dare ɗaya, sai tambayar da ba a cika yi ba ta taso: wanda gidansa ya rushe, yake kwana a ɗakin ƙanwarsa a wata jiha, ɗan ina ne ranar zaɓe?

Amsar da dokokin jihohin Amurka suka bayar tsohuwa ce, ta girmi Katrina nesa ba kusa ba. Suna bambanta inda mutum yake kwana da inda yake mazauninsa na dindindin. Mazaunin dindindin shi ne wurin da mutum ya kafu, wanda duk inda ya je yana da niyyar komawa can. Mutum yana iya samun wuraren kwana biyu ko uku, amma mazauni guda ɗaya tak doka ta san shi da shi, kuma ba ya rasa shi don ya yi tafiya, sai in ya kafa wani da nufin zama. Da wannan ƙa'ida soja da ɗalibi da majinyacin da ya daɗe a asibiti suke riƙe ƙuri'arsu ta gida. Wanda bala'i ya kora ma haka: muddin yana cewa zai koma, ɗan can ne, ko da babu bango ko ɗaya a tsaye.

Akwai kuma ƙofa ta biyu ga wanda ya haƙura da komawa. A da, jihohi kan sa baƙo ya jira shekara guda kafin ya yi zaɓe. Wani malamin shari'a mai suna James Blumstein, da ya koma Tennessee a 1970 aka hana shi rajista, ya kai ƙara, kuma a 1972 Kotun Ƙolin Amurka ta rushe sharaɗin shekara guda a jiha da wata uku a gunduma. Tun daga nan jiran bai cika wuce kwana 30 ba. Saboda haka ɗan New Orleans da ke Houston yana da zaɓi: ko ya riƙe rajistarsa ta gida, ko ya zama ɗan Texas. Abin da ba zai yi ba shi ne ya haɗa biyun.

A takarda ke nan. A ƙasa kuwa, abin ya fi haka zafi, domin zaɓen magajin gari na 2006 ba na wane ne zai gyara kwalbati ba ne. A watan Janairun shekarar, kwamitin da magajin gari Ray Nagin ya kafa don tsara sake gina birnin ya fitar da shawararsa, jaridar garin ta buga taswira mai ɗauke da koren ɗigo a kan wasu unguwannin da ke kwari, alamar ana iya mayar da su filin shaƙatawa da matattarar ruwa. Mutanen da ke Houston da Atlanta da Baton Rouge suka buɗe jarida suka ga koren ɗigo a kan gidan kakanninsu. Kafin guguwar, kashi biyu cikin uku na mazauna birnin baƙaƙen fata ne, kuma su ne suka fi yawa a cikin waɗanda ba su samu halin dawowa ba. Waɗanda suka dawo da wuri galibi masu gida ne a kan tudu, ko masu inshora da kuɗin gyara. In aka bar zaɓe ga wanda ke cikin gari kaɗai, to waɗanda ruwa bai ci ba su ne za su yanke hukunci a kan unguwannin waɗanda ruwa ya ci.

Da farko ranar 4 ga Fabrairu aka tsayar don yin zaɓen. Gwamna Kathleen Blanco ta ɗage bisa shawarar sakataren jiha Al Ater, wanda harkar zaɓe ke hannunsa, saboda rumfuna da yawa sun lalace, ma'aikatan zaɓen su kansu suna gudun hijira. Aka koma 22 ga Afrilu. Matsala ta gaba ita ce nemo masu zaɓen. Hukumar da ta san inda kowa yake ita ce FEMA, mai kula da agajin gaggawa ta tarayya, tunda ita ke aika musu tallafi. Ta yi ta jan ƙafa tana kafa hujja da dokar kare sirrin mutane, daga baya ta ba jihar jerin adireshin, amma 'yan takara ba su samu ba. Ke nan mai neman kujera bai san inda zai aika wa rabin masu zaɓensa takardar kamfe ba, sai dai ya bi su Houston da Atlanta ya yi taro a coci.

Sai wata tsohuwar dokar jihar ta sake tare hanya: wanda ya yi rajista ta gidan waya, dole zaɓensa na farko ya zo da ƙafarsa a gan shi. Majalisar jiha ta sassauta wannan a zama na musamman, ta kuma amince a buɗe cibiyoyin kaɗa ƙuri'a kafin ranar zaɓe a gundumomi goma na Louisiana. A nan aka ja layi. Ƙungiyoyin kare haƙƙin baƙar fata sun nemi a kafa rumfuna a wajen jihar, inda jama'ar suke a zahiri. Alƙalin tarayya Ivan Lemelle ya ƙi ba da wannan umarni. Masu ƙorafi suna da hujjar da ta yi wa gwamnati ciwo: a Janairun 2005, 'yan Iraƙi mazauna Amurka sun kaɗa ƙuri'ar zaɓen ƙasarsu a rumfunan da aka buɗe musu a birane biyar na Amurka. In ɗan Bagadaza zai yi zaɓe a Detroit, me zai hana ɗan New Orleans yin nasa a Houston? Ɗan gwagwarmayar kare haƙƙin baƙar fata Jesse Jackson ya jagoranci gangami a New Orleans ranar 1 ga Afrilu a kan wannan batu. Ba a canja ba. Shi ya sa wasu motocin na Houston suka nufi Lake Charles, birni mafi kusa a cikin iyakar Louisiana, wasu kuma suka miƙe har gida.

Mutum kimanin 108,000 ne suka yi zaɓe a zagayen farko, cikin kusan 297,000 da ke rajista. Wannan jimillar tana ɓoye abin da ya fi muhimmanci. John Logan, masanin zamantakewa a Jami'ar Brown, ya bi sakamakon unguwa-unguwa. A Lower Ninth Ward, unguwar talakawa baƙaƙen fata da ruwa ya share, masu zaɓe sun ragu da kusan kashi 40 cikin ɗari idan aka gwada da zaɓen 2002. A Lakeview, unguwar masu hali mafi yawansu farare, wadda ita ma ruwa ya nutsar, raguwar kaɗan ce. Doka ɗaya ce a kan unguwannin biyu, niyyar komawa ma ɗaya. Abin da ya raba su shi ne nisan inda kowa ya faɗa, da mota, da kuɗin mai, da wanda zai iya barin aiki yini biyu.

Nagin ne ya ci zagaye na biyu ranar 20 ga Mayu, da kashi 52 cikin ɗari, ya kayar da abokin takararsa Mitch Landrieu. Wani abin mamaki, a 2002 ƙuri'un farare ne suka ɗora shi, a 2006 kuma na baƙaƙe, da yawansu daga gudun hijira.

Abin da ya biyo bayan zaɓen ya nuna yadda niyya ke da wuyar kamawa. Niyya a zuci take, hukuma kuwa takarda take gani. Wata dokar tarayya ta 1993 ta wajabta wa ofisoshin ba da lasin tuƙi su riƙa tayin rajistar zaɓe ga duk wanda ya zo. Ɗan gudun hijira da ya je karɓar lasin Texas don ya samu aikin direba yana iya sa hannu a layin rajista ba tare da ya yi tunanin abin da hakan ke nufi a gida ba. A 2007 jihar Louisiana ta gwada kundinta da na wasu jihohi, ta goge sunaye kimanin 21,000 na waɗanda aka ga sun yi rajista a wani wuri. A idon doka sun bayyana niyyarsu. A ƙarshen wannan shekarar majalisar birnin New Orleans ta samu rinjayen farare, karo na farko cikin fiye da shekara 20. Ƙidayar 2010 ta tarar da mutum 343,829 a birnin da ya haura 484,000 a 2000, kuma Louisiana ta rasa kujera ɗaya cikin bakwai da take da su a Majalisar Wakilai.

To, har yaushe niyya ke ci? Babu dokar da ta sa mata wa'adi ƙarara, kuma a nan masu sukar tsarin suke da tasu gaskiyar. Mutumin da ya shekara biyar a wani gari, 'ya'yansa na makaranta can, yana biyan haya can, amma yana zaɓen kansilan garin da ba ya shan ruwansa, ana iya cewa ya tauye kansa sau biyu: ba shi da murya inda yake zaune, kuma yana yanke wa waɗanda suka koma hukunci a kan harajin da ba zai biya ba. Garin Paradise na Kalifoniya ya ɗanɗana wannan. Gobarar daji ta cinye shi ranar 8 ga Nuwamban 2018, kwana biyu bayan zaɓe, ta kashe mutum 85, ta ƙone gine-gine fiye da 18,000 a yankin. Duka 'yan majalisar garin su biyar sun rasa gidajensu, suka koma yin zama a Chico da ke maƙwabtaka. Garin mutum kusan 26,000 ya koma 4,764 a ƙidayar 2020. Hukumomin zaɓe sun bar mutane su riƙe adireshin filin da ya ƙone a matsayin mazauni, su ba da wani adireshin daban na karɓar wasiƙa, ba tare da an tambaye su ranar da za su aza tubali ba.

Ƙasar da ta kai wannan tunani ƙarshensa ita ce Japan. Bayan girgizar ƙasa da igiyar ruwa ta 11 ga Maris 2011 da haɗarin tashar nukiliya ta Fukushima, an kwashe mutanen garin Futaba kakaf, su kusan 7,000. Ofishin mulkin garin ya yi hijira tare da su, ya tare a wata tsohuwar makarantar sakandare a Kazo, cikin lardin Saitama, daga baya ya koma Iwaki a 2013. A Japan rajistar mazauna gari ita ce tushen komai, har da zaɓe. Majalisar ƙasa ta yi doka ta musamman a 2011 wadda ta ba 'yan hijirar damar samun makaranta da kulawar lafiya a garuruwan da suka sauka ba tare da sun cire sunansu daga garinsu ba. Haka Futaba ta ci gaba da zaɓen magajin gari da 'yan majalisa, ƙuri'u na zuwa daga sassan ƙasar, alhali babu mai kwana a cikinta ko mutum ɗaya. Ƙidayar 2015 ta rubuta sifiri a gaban garuruwa huɗu: Futaba, Okuma, Tomioka da Namie. Da an bi lissafi zalla, da yankin ya rasa wakilcinsa a majalisar lardi, sai da aka sake yin wata dokar a 2018 don a yi amfani da rajistar mazauna maimakon ƙidaya. Sai ƙarshen Agustan 2022 aka halatta zama a wani ɓangare na Futaba, bayan shekara 11 da 'yan watanni, kuma ƙalilan ne suka koma.

A Amurka, darasin Katrina ya sa jihohi sun fi saurin motsi, ko da yake ba kowane motsi ne ya yi kyau ba. Guguwar Sandy ta faɗo mako guda kafin zaɓen shugaban ƙasa na 2012. Gwamnan New York, Andrew Cuomo, ya ba da umarni duk wanda ta raba da gidansa ya shiga kowace rumfa a jihar ya yi rantsuwa a rubuce ya kaɗa ƙuri'a. Amma takardar zaɓen wata unguwa ba ta ɗauke da sunayen 'yan takarar wata, don haka mafi yawansu shugaban ƙasa da sanata kawai suka iya zaɓa, kujerun ƙasa-ƙasa suka wuce su. New Jersey kuwa ta ce a aiko ta imel ko fakis, kamar yadda sojojin da ke ƙetare ke yi. Buƙatu suka yi wa ofisoshi ambaliya ta biyu, akwatunan imel suka cika, har wani jami'in gunduma ya ba jama'a adireshinsa na Hotmail, aka kuma ƙara wa'adin karɓa zuwa Juma'a. Shekara shida bayan haka, da guguwar Michael ta daki Fulorida, gwamna ya hana zaɓe ta imel ƙarara, amma jami'in zaɓen gundumar Bay ya karɓi kimanin 150 ta wannan hanya daga mutanen da ba su da gida, ya sha suka.

Gidan waya ma yana da nasa tarkon. A jihohin da ake aika wa kowa takardar zaɓe gida, kamar Oregon da Hawaii da Kalifoniya, ba a juya ambulan ɗin zaɓe zuwa sabon adireshi yadda ake juya sauran wasiƙu. Wanda gobarar garin Lahaina na Hawaii ta 2023 ta mayar ɗakin otal, in bai sanar da ofishin zaɓe da kansa ba, takardarsa za ta je ga toka ta koma inda ta fito. North Carolina ce ta nuna abin da shiri ke iya yi. Guguwar Helene ta ragargaza yammacin jihar a ƙarshen Satumban 2024, saura kimanin kwana 40 zaɓe. Cikin mako biyu hukumar zaɓe da majalisa suka yi sauye-sauye ga gundumomi 25: a mayar da rumfa wani wuri, a kafa tanti inda babu gini, mutum ya miƙa takardar zaɓensa a ofishin zaɓen kowace gunduma a jihar, wanda katin shaidarsa ya bi ruwa ya cike takardar uzuri. Fitowar masu zaɓe a yankin ba ta gaza ta sauran jihar ba.

Akwai ma inda bala'i ya ƙara wa mutane ƙuri'a. Mutanen tsibirin Puerto Rico 'yan ƙasar Amurka ne tun 1917, amma muddin suna zaune a tsibirin ba sa zaɓen shugaban ƙasa, ba su da sanata. Da guguwar Maria ta Satumban 2017 ta kori dubun-dubatarsu zuwa Fulorida, duk wanda ya ce ya zo zama ya yi rajista ya samu abin da bai taɓa samu a gida ba. 'Yan siyasa ba su yi barci ba: Rick Scott, gwamnan jihar mai neman sanata, ya yi ta zirga-zirga zuwa tsibirin, kuma da ratar ƙuri'a kusan 10,000 kacal ya ci a 2018.

Turkiyya ta bi hanya mai tsauri. Girgizar ƙasa ta 6 ga Fabrairun 2023 ta kashe fiye da mutum 50,000 a ƙasar, ta taɓa larduna 11, miliyoyi suka bar yankin. Zaɓe kuma 14 ga Mayu. Babu zaɓe ta gidan waya a cikin gida, saboda haka ko mutum ya sauya adireshi kafin wa'adin da aka sa ya cika, ya zaɓi 'yan majalisar lardin da ya sauka, ko ya koma lardinsa da girgizar ta taɓa, kamar Hatay ko Kahramanmaraş, ya yi layi a gaban kwantena. Kimanin 133,000 ne kawai suka sauya. Da yawa sun ƙi da gangan, don ba sa son lardinsu ya rasa murya a lokacin da ake rabon kuɗin sake gini. Jam'iyyu da ƙungiyoyi suka yi ta tara kuɗin tikitin mota. A zaɓen nan dai Turkawa fiye da miliyan ɗaya da rabi sun kaɗa ƙuri'a daga ƙasashen waje, a ofisoshin jakadanci na Jamus da Faransa da sauransu.

Majalisar Ɗinkin Duniya ta daɗe da faɗin matsayinta. Ƙa'idojin 1998 kan waɗanda aka raba da muhallinsu a cikin ƙasarsu, waɗanda ɗan Sudan Francis Deng ya jagoranci tsarawa, sun haɗa da waɗanda bala'in yanayi ya kora, sun kuma ambaci haƙƙin zaɓe. Yarjejeniyar Kampala ta Tarayyar Afirka, ta 2009, ta mayar da wannan wajibi a kan ƙasashen da suka amince da ita. Nijeriya ta amince a 2012, Nijar kuma a 2018 ta zama ƙasa ta farko da ta zuba yarjejeniyar cikin dokarta ta gida.

Dokar Nijeriya, ta wata fuskar, ta fi ta Amurka sauƙi. A ƙarƙashin Dokar Zaɓe ta 2022, wadda aka yi zaɓen 2023 da ita, mutum na iya rajista inda yake zaune, ko inda yake aiki, ko inda ya fito asali. Ba a tambayarsa niyya. Ɗan Bama ɗan Bama ne ko ya shekara goma a Maiduguri. Wahalar tana wani wurin: dole mutum ya tsaya da kansa, da katinsa a hannu, a rumfar da sunansa yake, a rana ɗaya tilo da aka hana zirga-zirgar motoci. Babu kaɗa ƙuri'a kafin ranar zaɓe, babu na gidan waya, babu na mazauna ƙetare.

Rikicin Boko Haram ne ya fara tilasta wa hukumar zaɓe ta INEC neman mafita. Gabanin zaɓen 2015, wanda aka ɗage daga 14 ga Fabrairu zuwa 28 ga Maris, hukumar a ƙarƙashin Farfesa Attahiru Jega ta kafa cibiyoyin zaɓe na 'yan gudun hijira a Borno da Yobe da Adamawa, inda aka ɗauko rumfunan ƙananan hukumomin da ba su shiguwa aka dasa su a wuri mai aminci. Majalisa ta ƙara sakin layi a doka cewa idan wani lamari na gaggawa ya taɓa zaɓe, hukumar ta yi iya abin da zai yiwu don kada waɗanda aka raba da gidajensu su rasa ƙuri'a. Wannan tanadi yana nan a sashe na 24 na dokar 2022, kuma bai ware yaƙi daga ambaliya ba. Amma a 2015 wanda ya tsaya cikin jiharsa kaɗai ya amfana. Wanda ya gudu Kano ko Abuja ya rasa, balle wanda ya tsallaka Diffa ko sansanin Minawao na Kamaru. Tsarin da hukumar ta fitar kafin 2019 ya ce wanda ke wata jiha yana iya zaɓen shugaban ƙasa kawai, kusan irin abin da New York ta yi bayan Sandy. Kuma duk tsarin ya fi dacewa da mutanen sansani, alhali mafi yawan 'yan gudun hijirar arewa maso gabas ba a sansani suke ba, suna raɓe ne a gidajen 'yan'uwa da ɗakunan haya.

Ambaliya kuwa tana da nata lokacin, kuma ba ta duba jadawalin INEC. A 2022 an rufe rajista ranar 31 ga Yuli, kuma tare da ita aka rufe neman sauya rumfa da neman sabon kati ga wanda nasa ya ɓata. Ruwan ya yi ƙarfi a Satumba da Oktoba, daga Jigawa zuwa Lakwaja zuwa Bayelsa, ya kashe fiye da mutum 600, ya raba sama da miliyan ɗaya da gidajensu, ya shiga har wasu ofisoshin hukumar. Wanda ruwa ya tafi da akwatin da katinsa ke ciki ya zo ya tarar an riga an kulle ƙofa, ga kuma ƙa'idar hukumar ba ta sauya ba: babu kati, babu zaɓe. Mutane da yawa sun koma garuruwansu kafin 25 ga Fabrairun 2023, tunda ruwa yakan janye. Katin ne ba ya dawowa.

Maiduguri ta ƙara wa lissafin wani ƙulli. Da madatsar Alau ta ɓalle ranar 10 ga Satumban 2024, ruwa ya mamaye Gwange da Kasuwar Monday da fadar Shehu da asibitin koyarwa, aka sake buɗe sansanin Bakasi da gwamnatin jiha ta rufe a 2021. Cikin waɗanda suka koma can akwai mutanen da tun farko yaƙi ne ya kawo su birnin: rajistarsu na Bama ko Gwoza, zamansu na Gwange, kwanansu kuma yanzu a wuri na uku. Babu babban zaɓe a gaba a lokacin, don haka ba a yi hayaniya a kan katunan da suka salwanta ba. Doka ta ce a riƙa yin rajista a kai a kai, amma a Borno ƙofar ta kasance a rufe tun Yulin 2022, sai a Agustan 2025 INEC ta sake buɗe ta a faɗin ƙasa, kusan shekara guda bayan ruwan Alau, kuma wata uku bayan ambaliyar da ta share Tiffin Maza da Unguwar Hausawa a Mokwa.